Lauyan Kyauta a Caji Ofis: Me Yake Tsinana wa Wanda Aka Kama a Kano?

Akwai wata hidima da doka ta tanada wadda yawancin iyalai a Kano ba sa jin labarinta sai an riga an kai ɗansu gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse. Lauya ne zai zo caji ofis ya ga wanda aka kama, ya zauna da shi lokacin ɗaukar bayani, ya nema masa beli, ba tare da an biya ko sisin kwabo ba. Lauyoyi na kiran tsarin PDSS. An fara gwada shi a 2004 a jihohi ƙalilan, da haɗin gwiwar 'yan sanda da hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wadda kowa ya fi sani da Legal Aid. A 2006 rundunar 'yan sanda ta fitar da umarni mai lamba 20 da ya ba tsarin gindin zama, aka yi wa umarnin kwaskwarima a 2017. Ya hau kan kowane caji ofis a ƙasar nan, har da na Fagge da Dala da Sharada da hedikwatar Bompai.

Hukuncinmu a kai shi ne, hidimar tana da matuƙar amfani idan lauyan ya iso kafin a ɗauki bayani. Idan kuwa sai bayan an dangwala hannu ya zo, abin da zai iya bai taka kara ya karya ba, sai dai ya tattara abin da wani lauyan zai yi faɗa da shi a kotu bayan watanni.

Masu aikin kashi uku ne: lauyoyin hukumar Legal Aid, lauyoyi masu yi wa ƙasa hidima da ake turawa can, da 'yan sa-kai daga ƙungiyar lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙi. Dokar Legal Aid ta 2011 ta ɗora wa 'yan sanda nauyin gaya wa wanda suka kama cewa yana da haƙƙin ganin lauya, su kuma sanar da hukumar idan ba shi da halin ɗauka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita hakan, ta ƙara da cewa a sanar da danginsa inda yake, kyauta. A aikace kada iyali su zauna jiran wannan sanarwa. Wani babba ya je kanta da wuri, ya tambayi sunan ɗan sanda mai bincike, wato IPO, da laifin da ake zargi, ya ce yana son lambar lauyan da ke kula da wannan ofis. In aka ce babu, a nufi ofishin Legal Aid ko na ƙungiyar lauyoyi a ranar. Shi kuma na cikin sel magana ɗaya ce tasa, cikin ladabi: "Yallaɓai, zan yi bayani, amma sai lauya ya zo." Sashe na 35(2) na Tsarin Mulkin 1999 ne ya ba shi wannan dama, kuma shirun ba laifi ba ne.

Abin da ya kamata lauya ya fara tambaya, wanda kuma a nan muke bambance ƙwararre da ɗan koyo, shi ne yadda aka yi sunan mutumin ya zo gaban 'yan sanda. A ƙararrakin daba da fashin waya da ƙwaya, amsar kusan kullum ɗaya ce: "Bayanan sirri muka samu." Ma'ana infoma. Babu laifi a aiki da infoma, babu rundunar da ke aiki ba tare da su ba. Matsalar ita ce su waye su. Wani tubabben ɗan daba ne da ke da tsohuwar gaba da 'yan wata unguwa. Wani shi ma a hannu yake, an nuna masa cewa in ya kawo sunaye za a sassauta. Wani maƙwabcin shago ne a Kantin Kwari ko Farm Centre da ciniki ya haɗa su rigima. Wani kuma da gaske ya ga abin da idonsa, yana tsoron fitowa fili ne kawai. Dukkansu da suna ɗaya suke shiga fayil.

Lauya ba zai iya tilasta a faɗi sunan infoma ba, domin sashe na 189 na Dokar Shaida ta 2011 ya kare jami'in bincike daga bayyana majiyarsa. Mai neman suna ɓata lokacinsa yake yi, yana kuma ɓata wa DPO, shugaban caji ofis, rai a banza. Akwai tambayoyin da ba sa taɓa sunan. Gani ya yi ko ji ya yi, in ji ya yi daga bakin wa? Yaushe abin ya faru, yaushe ya kawo labarin? Ya taɓa kawo labarin da aka bi aka tarar gaskiya ne? Yana da wata ƙara a kansa? Sai babbar: bayan an ji labarin, me 'yan sanda suka tabbatar da kansu kafin su fita kamu? A Amurka an daɗe ana wannan muhawara. Kotun Ƙolinsu a shari'o'in Aguilar a 1964 da Spinelli a 1969 ta ce a duba abu biyu, hanyar da mai tsegumin ya san abin da kuma gaskiyarsa shi kansa, sannan a shari'ar Gates ta 1983 ta sassauta ta ce a auna duk abin da ya kewaye labarin gaba ɗaya. Waɗannan hukunce-hukunce ba su hau kan kotunanmu ba, amma tambayoyin nan biyu suna aiki a Hotoro kamar yadda suke yi a can.

Ma'aunin da dokarmu ta sa shi ne zargi mai tushe, kamar yadda sashe na 35(1)(c) ya kawo. Tun 1970, a shari'ar Oteri da Okorodudu, Kotun Ƙoli ta ce abin dubawa shi ne ko mutum mai hankali, wanda ba fushi ko son zuciya ke jansa ba, zai ga dalilin kamun daga abin da aka sani a lokacin. Abin da aka gano bayan an kulle mutum ba ya komawa baya ya halatta kamun. A shari'ar Fawehinmi da Sufeto Janar ta 2002 kotun ta sake jan kunne cewa kuskure ne a kama mutum tukuna sannan a shiga neman hujja a kansa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma, a inda take magana kan tsayar da mutum a caje shi, ta ce shekaru da salon aski da irin tufafi ba dalilin zargi ba ne. Ta hana kama wani a madadin wani, irin a ɗauke uba ko mata don a ja wanda ya gudu, ta kuma hana kamu kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Ƙararrakin da lauyan kyauta ya fi saurin warwarewa ke nan, sau da yawa a zama ɗaya da DPO, don babu jami'in da ke son a rubuta cewa ya tsare tsohuwa saboda ɗanta.

Ba kowane kamu da ya taso daga tsegumi ne maras tushe ba, kuma lauyan kirki zai gaya wa iyali gaskiya. A ce an ƙwace waya a Ɗorayi, bayan kwana biyu aka bi sawunta aka same ta a aljihun wani. Wannan zargi ne mai tushe, kuma sashe na 167 na Dokar Shaida ya ba kotu damar ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar, ko shi ne ɓarawon ko ya karɓa da sani, sai in ya yi bayanin yadda ya samu. A irin wannan, dogon shiru ba ya taimako. Aikin lauya shi ne ya sa a kawo rasit, ko shaidar tura kuɗi ta banki, ko wanda aka yi cinikin a gabansa, a shigar da su cikin bayanin farko. Haka in mutum yana cewa ba ya nan lokacin da aka yi laifin: dole ya faɗa tun a caji ofis, da sunan wurin da lokaci da waɗanda suke tare, don a ɗora wa 'yan sanda nauyin bincikawa. In ya bari sai a kotu, alƙali zai ɗauke ta dabarar da aka ƙirƙiro daga baya.

Dalilin da ya sa muka daɗe kan infoma shi ne daga nan matsin iƙirari, wato amsa laifi, ke tasowa. Infoma ba ya zuwa kotu. In IPO ya tsaya ya ce "majiyarmu ta gaya mana shi ne," wannan ji-ta-ji-ta ce, sashe na 38 ya hana karɓarta a matsayin hujjar cewa an yi laifin. Ke nan fayil ɗin da ba shi da komai sai maganar infoma fanko ne, kuma mai bincike ya san haka. Hanya mafi sauƙi ta cika shi ita ce wanda ake zargi ya amsa da bakinsa, tunda kotu na iya ɗaure mutum da iƙirarinsa kaɗai muddin ta gamsu da son ransa ya yi kuma gaskiya ne. Duk lauyan da ya duba ya ga ba mai ƙorafi na zahiri, ba kayan da aka kama, ba shaidar gani da ido, to ya san daren nan ne mai haɗari, kada ya tafi ya ce sai gobe.

A ɗakin ɗaukar bayani ne hidimar ta fi nuna amfaninta. Sashe na 60 na Dokar 'Yan Sanda ya ce bayani sai wanda aka kama ya ga dama, kuma ana iya ɗauka a gaban lauyansa, ko jami'in Legal Aid, ko wakilin ƙungiyar farar hula, ko wani da ya zaɓa. Lauyan ba zai amsa tambaya a madadinsa ba, ba zai riƙa yi masa raɗa ba. Abin da zai yi shi ne ya keɓe da shi tukuna, ya dubi jikinsa, wuyan hannu da idon sawu da gadon baya da tafin ƙafa, ya tambaye shi yaushe ya ci abinci, yaushe ya yi barci, an yi masa alkawarin wani abu ko an tsorata shi da wani. Ya rubuta ranar da lokacin da kamannin duk wani rauni. Ya tabbatar an karanta masa gargaɗin nan na cewa ba dole ne ya ce komai ba, da harshen da yake ji. In an gama, a karanta masa daga farko har ƙarshe, a ja layi a kan duk filin da ya rage a takardar kafin ya sa hannu, kuma ya sa hannu a kowane shafi da gefen kowane gyara. Filin da aka bari fari a ƙasan shafi shi ne inda jimloli ke tsirowa daga baya.

Matsalar harshe ta fi komai yawa a Kano, kuma lauyan da ba ya jin Hausa sosai rabin aiki zai yi. Mutum ya yi magana da Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Turanci kai tsaye, aka ce dangwala. "Ina wurin" ta koma "na bi su." "Na riƙe masa wayar" ta koma "na karɓi wayar." Kotuna sun daɗe suna cewa a rubuta bayani da harshen da aka yi shi matuƙar zai yiwu, sannan a fassara, a gabatar da duka biyun. In an yi amfani da tafinta, sai ya rubuta sunansa da adireshinsa ya sa hannu, kuma sai an kira shi kotu ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. An sha rushe hukunci a kotunan ɗaukaka ƙara kan wannan kaɗai. Lauya ya dage a rubuta da Hausa. In an ƙi, ya sa a rubuta cewa ya nema an ƙi.

Sai bidiyo. Dokar tarayya ta tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce iƙirari a rubuta shi kuma ana iya naɗarsa a bidiyo. An yi shekaru ana jayayya ko "ana iya" na nufin zaɓi. A 2023, a shari'ar Charles da Jihar Legas, Kotun Ƙoli ta yi watsi da iƙirarin da ba a bi tanadin bidiyo ko halartar lauya na dokar Legas ba, a 2024 kuma a shari'ar Nnajiofor ta ce tanadin dokar tarayya ma wajibi ne. Sai dai a lura, kotunan jiha a nan da dokar Kano ta 2019 suke aiki, don haka lauya sai ya ɗaure hujjarsa da lafazin dokar Kano da na Dokar 'Yan Sanda, ba ya ɗauko hukuncin Legas ya ajiye kawai ba. Bidiyon kansa ba maganin komai ba ne. Na minti uku da ya fara daga "ni ne na yi" bai nuna abin da ya faru kafin a kunna waya ba. Mai amfani shi ne wanda ya fara daga gargaɗi, ya nuna duk wanda ke ɗakin, bai yanke ba. Haka al'adar kai mutum gaban babban jami'i ya tabbatar da bayaninsa: abu ne mai kyau, amma in wanda ya yi dukan ne ke tsaye a bayansa, me zai ce in ba "haka ne, ranka ya daɗe" ba?

In lauya ya makara ya tarar an riga an rubuta, saura adana shaida. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta lissafa duka, da ɗaure mutum a yanayi mai wahala, da hana abinci ko barci, da rufe ido, da barazana ga iyalinsa, ta haramta amfani da iƙirarin da aka samu ta haka, ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata. Ta kuma ba wanda aka tsare haƙƙin likitan da ya zaɓa ya duba shi. Wannan haƙƙi a nemi shi a rubuce nan take, domin kumburi da shatar igiya ba sa jiran ranar shari'a. Ranar farko a gaban majistare, ko a Nomansland ne ko Gyaɗi-Gyaɗi, a nuna raunin a roƙi kotu ta rubuta.

Amfanin wannan duka yana fitowa ranar da mai gabatar da ƙara ya miƙa wa kotu takardar iƙirarin. A daidai lokacin ake tashi a ce ba da son rai aka yi ba; in aka bari ta shiga, an makara. Sai kotu ta dakata ta yi shari'a cikin shari'a, kuma bisa sashe na 29 na Dokar Shaida, masu ƙara ne za su tabbatar, ba tare da kokwanto mai ma'ana ba, cewa ba a samo ta da zalunci ko ta hanyar da za ta sa a kasa yarda da ita ba. Nan mutane da yawa ke kashe kansu da bakinsu. "An doke ni na sa hannu" tana jawo shari'a cikin shari'a. "Ban taɓa yin wannan bayani ba" ba ta jawowa: kotu za ta karɓi takardar, ta auna nauyinta a ƙarshe, ta duba ko akwai wani abu a waje da ke gaskata ta, ko mutumin ya samu damar aikata laifin, ko ta dace da sauran abin da aka tabbatar. Sai lauya ya zauna da mutum ya gane wanne ne ainihin abin da ya faru. Wani abin da iyalai ba su sani ba: in abokin ƙara ya ambaci sunan ɗanku a nasa bayanin na caji ofis, wannan hujja ce a kansa shi kaɗai, sai fa in ɗanku ya amince da ita. Shi ya sa haɗa su fuska da fuska ba lauya yake da haɗari, gyaɗa kai ɗaya ana iya rubuta shi a matsayin amincewa.

Idan ƙarar kotun shari'ar Musulunci ta nufa, asalin ƙa'idar Malikiyya ita ma ba ta ɗaure mutum da iƙirarin da aka tilasta masa, kuma a laifukan haddi yana iya janyewa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta yi aiki da wannan a 2003. Ba kowane matashin lauya ne ya san wannan ɓangare ba, a tambaya tun da wuri.

Inda hidimar ta gaza a fili yake. Lauyoyin ba su kai yawan ofisoshin ba. Ƙananan hukumomi takwas na cikin birni kaɗai sun fi ƙarfinsu, balle duka 44 na jihar. Kamu da daddare da ƙarshen mako ake yinsa, ziyara kuwa da rana ce. Mai yi wa ƙasa hidima shekara ɗaya yake yi, yana fara gane kan aiki zai tafi, kuma ba kowane sabon lauya ne ke iya kallon DPO ya ce a dakata ba. Ɗan sa-kai da ke zuba mai daga aljihunsa ba za a zarge shi ba in ya ɗaga waya ya ce yana kotu. Ba kowane ofis ke da ɗakin ganawa ba, sai a yi magana a bakin kanta kowa na ji. Sannan umarni mai lamba 20 na 'yan sanda ne, bai hau kan Hisbah ko 'yan sintiri ba, alhali sau da yawa a hannun 'yan sintirin unguwa ake fara "amsa laifi" kafin a iso caji ofis. A manyan laifuka kamar kisa da fashi da makami, inda ake mayar da fayil sashen binciken manyan laifuka a Bompai, kada a sa ran beli daga wannan lauya. Ƙa'idar kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, wadda ta shafi ko'ina a cikin birni, Tsarin Mulki ya keɓe laifukan da hukuncinsu kisa ne daga cikinta. Amma a Bompai ne zaman lauyan lokacin ɗaukar bayani ya fi muhimmanci, domin sabon bayani ake ɗauka, kuma shi ne ke zuwa Babbar Kotu.

Wanda ke da hali ya ɗauki lauyansa, musamman a babban laifi, don a samu mutum ɗaya da zai bi ƙarar daga kanta har hukunci. Lauyan kyauta aikinsa yakan tsaya ne a ƙofar kotu, kuma wakilcin Legal Aid a shari'a an tanade shi ne ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, naira 70,000 tun 2024, sai in an ga wani dalili na musamman. A wannan miƙa hannu ake asarar abubuwa. Kafin ku rabu da lauyan kyauta, ku ce: "Barista, a ba mu kwafin abin da ka rubuta." Ya ƙunshi ranar da lokacin kamu, lokacin da ya ga wanda aka kama, raunukan da ya gani, sunan IPO da na tafinta, harshen da aka yi bayani da shi, da ko an ɗauki bidiyo. Ku karɓi lambarsa ta kansa ba ta ofis kaɗai ba, domin ana iya buƙatar ya zo ya ba da shaida a shari'a cikin shari'a bayan ya gama hidimar ƙasa ya koma jiharsu.